Idan sabon shiga ya tsinci kansa a cinikin da bai yi niyya ba

A watan Yunin 2020, wani ɗalibin jami'a ɗan shekara 20 a Amurka ya buɗe manhajar cinikin hannun jari ta Robinhood, sai ya ga asusunsa na nuna giɓin sama da dala 730,000. Ya aika wa kamfanin saƙonni yana neman bayani, amma na'ura ce ta ba shi amsa. Ya ɗauka bashi ne ya hau kansa, daga ƙarshe ya kashe kansa. Alhali cinikin nasa ɓangare biyu ne: an zartar da ɗaya, ɗayan da zai cike giɓin bai fito a lissafi ba tukuna.

Abin da yaron ya shiga shi ne kwantiragin zaɓi. Mai saye yana biyan ɗan kuɗi don ya samu damar saye ko sayar da hannun jari a kan farashin da aka yanke, kafin wa'adi ya cika. Ya yi kama da kafin alƙalami a cinikin fili, sai dai shi wannan kuɗin ba ya shiga cikin farashi, kuma idan wa'adi ya wuce ya tafi ke nan. Wanda ya sayar da kwantiragin kuwa alkawari ya ɗauka, duk ranar da aka neme shi dole ya cika.

A nan sabon shiga ke zamewa. A kasuwar Amurka kowane kwantiragi na wakiltar hannun jari 100, don haka abin da aka rubuta dala 2, dala 200 ne. Maɓallin saye da na sayarwa maƙwabta ne a fuskar waya. Sannan idan wa'adi ya cika kwantiragi na da ribar ko da santi ɗaya, ana zartar da shi kai tsaye, sai fa in mai shi ya hana. Wanda ya manta da damar saye a kan dala 50 zai iya wayar gari da hannun jari 100 da kuma bashin dala 5,000.

Wanda haka ta same shi, ya fara da kwantar da hankali. Ya duba abu huɗu: saye ya yi ko sayarwa, kwantiragi nawa ne, a wane farashi, kuma yaushe wa'adin zai cika. Bayan nan ya rufe cinikin tun kasuwa na ci. Idan ɓangare biyu ne, a rufe su tare, domin barin wanda aka sayar shi kaɗai ya fi komai hatsari. Ƙaramar asara ta yau ta fi zaman jiran kasuwa ta juyo. Ya nemi dillalinsa a rubuce, kuma ya gaya wa wani na jikinsa, kada ya kwana da abin shi kaɗai.

Amma ba a kan sabon shiga kaɗai nauyin yake ba. Kamfanin da ya sauƙaƙa shiga irin wannan ciniki wajibi ne ya tantance wanda yake buɗe wa ƙofa, ya kuma ajiye ɗan Adam da zai amsa kira. A Yunin 2021 hukumar FINRA, mai sa ido kan dillalan hannun jari a Amurka, ta ɗora wa Robinhood tara da diyya na kusan dala miliyan 70, cikin dalilan har da nuna wa abokan ciniki bayanan da ba daidai ba, da amincewa da mutanen da ba su cancanci cinikin zaɓi ba. Sai a Oktoban shekarar kamfanin ya buɗe layin waya na dare da rana.

Matasanmu da ke hada-hadar kasuwannin waje ta waya suna da ƙarin abin dubawa. A zamanta na Jidda a 1992, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa kwantiragin zaɓi, yadda ake yin sa a kasuwannin kuɗi, bai halatta ba. Wanda bai shirya masa ba, ya nemi dillalinsa ya rufe masa wannan sashe a asusunsa.