RA'AYIN JARIDA: Wasan "Breaking Bad" Da Haɗarin Yi Wa Mugu Kwalliya

Ran 29 ga watan Satumba na 2013 aka nuna kashi na ƙarshe na wasan kwaikwayon talabijin ɗin nan na ƙasar Amurka mai suna Breaking Bad, wanda tashar AMC ta soma nunawa a watan Janairu na 2008. A wannan dare mutum fiye da miliyan 10 suka zauna kallonsa a Amurka kaɗai. Shekaru sun shuɗe, amma har yau wasan yana yawo a duniya ta hanyar intanet da wayoyin hannu, masu sharhi kuma ba su daina sanya shi a sahun gaba na wasannin da aka taɓa yi ba. Ya ci lambar yabo ta Emmy har 16, huɗu daga ciki na Bryan Cranston ne, wanda ya fito a matsayin jarumin wasan. To, abin da ya sa ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira shi ne, wannan jarumi mai laifi ne, mai dafa muguwar ƙwaya, mai kisan kai, an kuma tsara labarin ne yadda mai kallo zai bi shi kashi 62 yana yi masa fatan kuɓuta.

Ga wanda bai gani ba, labarin na wani malamin makarantar sakandare ne a birnin Albuquerque na Jihar New Mexico, sunansa Walter White. Gwani ne a ilmin haɗa sinadarai, amma albashinsa ba ya isar iyali, har sai ya haɗa da aiki a wurin wankin motoci bayan an tashi makaranta. Matarsa Skyler tana da ciki, ɗansa kuma yana da lalurar da ta taɓa masa tafiya da magana. Yana cika shekara 50 likita ya gaya masa yana da ciwon daji a huhu. Sai ya nemo wani tsohon ɗalibinsa, Jesse Pinkman, suka shiga dafa ƙwayar nan mai suna metamfetamin, wai don ya bar wa iyalinsa abin da za su rayu da shi bayan ransa. Mijin 'yar'uwar matarsa kuwa, Hank Schrader, jami'i ne a hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Mai wasan, Vince Gilligan, bai ɓoye niyyarsa ba tun farko: so yake ya ɗauki malami mai sanyin hali ya mai da shi uban daba a gaban idon jama'a.

Irin wannan jarumi ba a saba da shi ba a finafinan Amurka na da. Daga 1934 zuwa 1968 masu yin fim a Hollywood suna aiki ne ƙarƙashin wata ƙa'ida da ta hana a karkata tausayin mai kallo zuwa ga mai laifi. Bayan ƙa'idar ta faɗi aka yi ta gwaji, har wasan The Sopranos ya zo a 1999 ya nuna cewa jama'a za su iya shekara da shekaru suna bin labarin shugaban 'yan ta'adda. Bahaushe ma ba baƙo ba ne ga jarumi mai mugun wayo, don kuwa da Gizo aka yaye shi. Sai dai Gizo yakan ƙare da jin kunya, yara su yi masa dariya, ba wanda yake tashi daga wurin tatsuniya yana burin zama shi. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna Breaking Bad da shi.

Babban abin yabo a wasan shi ne yadda ya nuna cewa mutum ba ya lalacewa a rana ɗaya. A farkon labari, da Walter ya kama wani dillalin ƙwaya ya ɗaure a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai da ya yi kwanaki yana kai da komo, yana kai masa abinci, har ya ɗauki takarda ya jera dalilan kashe shi da dalilan barinsa. Da ya kashe shi kuwa, da hawaye ya yi. Da aka yi nisa, ya tsaya a kan budurwar Jesse tana shaƙewa cikin maye, yana da ikon juya ta ya ceci ranta, amma ya ƙyale ta ta mutu don ta tsare masa hanya. Aka ƙara nisa, ya sa wa ƙaramin yaro guba don ya juya hankalin Jesse. A zango na biyar kuwa, ya biya kuɗi aka kashe mutum 10 a gidajen kurkuku uku cikin minti biyu, shi yana tsaye a gida yana duban agogo. Duk wannan cikin shekara biyu ta labari. Kowane mataki yana da uzurinsa, kowane uzuri kuma ya fi na baya rauni, mai kallo mai hankali yakan farga cewa shi ma ya daɗe yana karɓar uzurin.

Abin yabo na biyu shi ne, wasan bai bar jarumin ya fake da talauci ba. Gaskiya ne tsadar asibiti a Amurka da ƙarancin albashin malamai sun zama tushen labarin, kuma da marubutan sun so, da sun ɗora laifin duka a kan wannan. Amma tun a zango na farko suka toshe ƙofar. Tsofaffin abokan Walter, waɗanda suka kafa kamfani tare da shi kafin ya sayar da rabonsa a kan dala 5,000, sun yi masa tayin aiki da biyan kuɗin magani gaba ɗaya, ya ƙi, don ba ya son a ce an yi masa sadaka. Daga baya ya zauna ya lissafta cewa dala 737,000 za ta ishi iyalinsa. Ya samu wannan, ya wuce, har ya tara wajen dala miliyan 80 ya binne cikin ganguna a hamada, kuɗin da ba shi da hanyar kashewa. Sai a kashi na ƙarshe ya amsa wa matarsa cewa don kansa ya yi, don yana jin daɗin abin, ba don iyali ba. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, da wuya a sami wasan da ya fassara wannan karin magana kamar wannan.

Na uku, alhaki a cikin wasan kwikwiyo ne, yana bin mai shi. Mahaifin yarinyar da Walter ya bari ta mutu ma'aikacin ba jiragen sama hanya ne, baƙin ciki ya ɗauke masa hankali a bakin aiki, jirage biyu suka yi karo a sararin birnin, mutum 167 suka halaka. Akwai masu ganin marubutan sun zarce a nan, don daidaituwar ta yi yawa, amma manufar a fili take. Haka aka ci gaba har aka harbe Hank a gabansa a hamada yana roƙo a bar shi, ɗansa ya kira masa 'yan sanda, matarsa ta zare masa wuƙa, gidan da ya ce yana karewa ya zama kufai. A ɓangaren sinadarai ma an yi hattara. Wata farfesa ta Jami'ar Oklahoma, Donna Nelson, ta ba su shawara, an kuma cire wasu matakai da gangan don kada wasan ya zama darasi ga mai son gwadawa.

To, amma fa duk da wannan, wasan yana da rauni, raunin kuma ba ƙarami ba ne. Ya nuna mai dafawa, ya nuna dillali, ya nuna lauyan da ke wanke kuɗi, amma mai sha bai sami rabonsa ba. Metamfetamin ƙwaya ce mai zubar da haƙora, mai hana barci kwana da kwanaki, mai jefa mutum cikin zargi da taɓin hankali. A kashi 62, waɗanda suka tsaya sosai a kan wannan ɓarna ba su taka kara sun karya ba. Akwai kashi ɗaya a zango na biyu inda Jesse ya shiga gidan wasu mashaya miji da mata ya tarar da ɗansu ƙarami cikin dauɗa da yunwa, wanda duk ya gani ba ya mantawa. Amma irinsa kaɗan ne. Abin da aka fi nunawa shi ne ƙwayar tana ƙyalli kamar lu'ulu'u, shuɗiya, ana auna ta, ana ƙirga kuɗi, ana kiɗa mai daɗi. Lokacin da kasuwar Walter ta kai har Jamhuriyar Czech, cikin 'yan mintoci aka nuna shi da waƙa, ba a nuna fuskar mutum ɗaya daga dubban da kayan suka isa gare su ba. Wanda aka kashe da bindiga an san sunansa, wanda aka kashe da ƙwaya kuwa ko ƙirga shi ba a yi ba.

Rauni na biyu yana ga ƙarshen wasan. Bayan an rushe mutumin nan sarai, sai kashi na ƙarshe ya mayar masa da kusan duk abin da yake so. Ya sami hanyar tura wa ɗansa fiye da dala miliyan 9, ya hallaka maƙiyansa da bindiga mai sarrafa kanta da ya ɗaura a bayan mota, ya saki Jesse, sa'an nan ya mutu a cikin ɗakin dafa ƙwaya yana shafa kayan aikinsa, 'yan sanda ba su same shi da rai ba. Bai tsaya gaban alƙali ba, bai dubi idon iyayen waɗanda ya cuta ba. Akan ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma a nan ɓarawon ne ya zaɓi ranar, ya kuma zaɓi yadda za ta kasance. Haka nan kuma an yi ƙorafi, da hujja, cewa yawancin dillalan da suka fito daga Meziko an nuna su ne a matsayin mahaukata marasa dalili, alhali Bature mai laifi an ba shi tarihi da uzuri da zurfin tunani.

Shaidar wannan rauni tana ga abin da masu kallo suka yi da wasan. Da yawansu sun ɗauki Walter gwarzo, suka mai da matarsa abar ƙi don ta tsaya masa a hanya. Zagin ya yi yawa har Anna Gunn, wadda ta fito a matsayin matar, ta rubuta maƙala a jaridar New York Times a watan Agusta na 2013 tana bayanin yadda ƙiyayyar ta tsallake daga wasa ta iso kanta. A 2014 kamfanin Toys "R" Us ya janye 'yan tsana masu siffar Walter, ɗauke da jakar kuɗi da ƙullin ƙwaya, bayan wata uwa a Jihar Florida ta tara sa hannun jama'a. A 2022 aka kafa gumakan tagulla na Walter da Jesse a babban zauren taro na Albuquerque, wasu 'yan siyasar jihar suka yi tir, suna tambayar me ake karramawa a jihar da ƙwaya ta addaba. Ba za a ɗora wa marubuci alhakin kowane mai kallo ba, amma idan dubban mutane suka fahimci labari a juye ta fuska ɗaya, lalle akwai abin da ya ba su hanya a cikin labarin.

Maganar ba ta tsaya ga Amurka ba, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A 2011 hukumar NDLEA ta gano wurin dafa metamfetamin na farko a Nijeriya, a Legas, a 2016 kuma ta kama mutum huɗu 'yan ƙasar Meziko a wani babban wurin dafawa a Asaba. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun taɓa miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Su ma masu shirya wasannin Hausa sun shiga yin dogayen labaran daba da ƙwaya, har a 2021 hukumar tace finafinai ta Jihar Kano ta ba da sanarwar hana nuna satar mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a cikin fim. Damuwar hukuma a fahimce take, sai dai hani kaɗai ba ya warkar da ciwo, al'ummar da ba ta ganin ciwonta a madubi kuwa takan makara wajen neman magani.

Abin da wannan jarida take gani shi ne, ya kamata masu rubuta wasa da masu tace shi su ɗauki darasi daga inda Breaking Bad ya dace da inda ya kuskure. A nuna yadda mutumin kirki yake zamewa mataki mataki, a tone uzurin da yake yi wa kansa, a bar alhaki ya bi shi har gida. Amma kowane minti da aka ba mai laifi yana ƙirga kuɗi, a ba wanda aka cuta irinsa: uwar da ɗanta ya haukace, matar da aka sayar da kayan ɗakinta, ma'aikacin asibitin da ke karɓar gawa. Hukumomin tacewa su riƙa tambayar wa aka yi wa kwalliya a labarin, wa kuma aka manta da shi, maimakon ƙirga sau nawa aka nuna wuƙa. Iyaye da malamai kuma su san abin da 'ya'yansu ke kallo a waya, don wannan wasa na manya ne, a can inda aka yi shi ma ba a yi shi don yara ba. Wanda ya kalle shi da hankali zai ƙaru ƙwarai, wanda kuwa ya tashi yana sha'awar hular Walter White da kwarjininsa, ya kamata a sami babba kusa da shi da zai tambaye shi inda ƙwayar ta tafi bayan ta bar tukunya. Allah Ya kyauta.