Maigida ya tsaya a kan ƙafar baya

A yawancin garejin babura da na sani a Kano, maigida ne ke fitar da tsohon boris ya buga sabo, sannan ya goge hannu ya koma kan wani aikin, ya bar wa yaro mayar da ƙafa. A ganina wannan rabon aiki a juye yake, kuma mu masu tsofaffin babura mu muka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Nawa Honda CG125 ne, samfurin da kamfanin ya fara fitarwa a 1975 domin ƙasashen da babur ke shan wahala ba ya samun kulawa. Injinsa na da haƙuri, ko an makara wajen juyen mai yakan jure. Ƙafar baya kuwa ba ta yafe sakaci.

A cikin ƙafar, tsakanin boris biyun, akwai wani guntun bututun ƙarfe da makanikai ke kira bushin. Shi ke tokare zoben ciki na kowane boris idan an ɗaure notin shaf, don kada matsin ya sauka a kan ƙwallayen. Da an fitar da tsohon boris yakan sulale ya faɗa cikin yashi, yaron da ba a nuna masa ba kuma bai san an rasa komai ba. Sai ya ɗaure noti iya ƙarfinsa. Kafin a jima ƙafa ta fara gurnani tana lilo, a ce ai boris ɗin jabu ne. Jabu kam sun cika kasuwa, amma na sha ganin mai kyau, 6302 mai murfin roba gefe biyu wanda ƙurar hunturu ba ta shiga, ya mutu a hannun wanda ya ɗaura shi.

Shaf ma haka. Idan robobin damfa sun zauna, farantin birki ya shiga wurinsa, an goge shaf an shafa masa giris, da tafin hannu ake tura shi. Duk lokacin da ka ji an ɗauko guduma, to wani abu bai daidaita ba, kuma dukan zai lalata haƙoran da noti ke hawa.

Sai sarƙa. Akwai zane a ƙarfen da ke riƙe ƙafar, dama da hagu, dole su zo daidai, in ba haka ba taya ta karkace, sarƙa ta riƙa cin haƙoran da take hawa gefe guda. A bar mata sassauci kamar santimita 2 a tsakiya. Wadda aka ja ta yi tsam tana jan boris duk ramin da aka faɗa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sandar da ke riƙe farantin birki: noti ɗaya ne da ɗan fin. In ya kwance a kan hanya, farantin ya juya da ƙafar, ko birki ya tafi ko ƙafa ta cije, alhali wataƙila ka goyo iyali.

Za a ce in ba a bar yaro ya yi ba, yaushe zai koya? Gaskiya ne. Ya yi, amma maigida na tsaye a kansa, yana nuna masa a taka birki kafin a ƙarasa ɗaure shaf domin takalman birkin su zauna tsakiya.

Mu ma masu babura da namu laifin. Muna tsaye muna duba agogo, muna ciniki a kan kuɗin aiki kamar za a yi faɗa, sannan mu yi tsammanin natsuwa. Ni dai na fi son in ƙara wa bakanike kuɗi ya ba aikin lokacinsa. Kafin in biya, nakan ce, "Maigida, a ɗora shi kan dogon jak." In juya ƙafar in saurara, in kama ta da hannu biyu in girgiza gefe da gefe, in duba fin ɗin nan da idona. Idan ta yi motsi ko kaɗan, a sake kwancewa.