Ruwa Da Wuta: Mu San Ma'anar Abin Da Muke Faɗa

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Na ga gaskiyar wannan magana a hutun da ya wuce. Babana ya sayi yunit 50 na wutar lantarki, kafin mako biyu sun ƙare. Ransa ya ɓaci, ya ce mita ce take sata. Ashe ɓarayin suna cikin gida: dutsen guga da hitar dafa ruwan wanka. Shi ya sa nake ganin wajibi ne mu san ma'anar kalmomin nan da muke ji kullum.

Da farko akwai wat, wato ma'aunin yadda abu yake cin wuta. Ƙwan fitila na zamani yakan ci wat 10, dutsen guga kuwa wajen wat 1,000, wanda shi ne kilowat ɗaya. Yunit kuma shi ne kilowat ɗaya ya yi aiki na awa ɗaya. To kun ga gugar awa ɗaya daidai take da kunna ƙwan nan awa 100. Da na yi wa Baba wannan lissafi, nan take ya wanke mita daga zargi.

Sai bolt, wato ƙarfin da yake tura wutar cikin waya, kamar yadda ruwa yake fitowa da ƙarfi ko da sanyi a famfo. Ta gida bolt 230 ce, amma manyan wayoyin da suke ratsa daji suna ɗauke da har 330,000. Aikin taransifoma shi ne rage wannan ƙarfi kafin ya iso gare mu. Wanda ya san haka ba zai kafa rumfa a ƙarƙashinsu ba.

Abin mamaki, ruwan da yake kashe wutar murhu shi yake haifar da ta lantarki. Dam, ko madatsar ruwa, bango ne da yake tare kogi. In an saki ruwan sai ya juya farfela, ita kuma ta juya janareta. Haka ake yi a Kainji a kan Kogin Kwara tun 1968, inda aka kafa injuna masu megawat 760. Megawat ɗaya wat miliyan ɗaya ne. Wuta ita ma tana rama wa kura aniyarta ta alheri, domin ita take jawo ruwan rijiyar burtsatse zuwa tanki. Mu 'yan makarantar kwana mun sani, ranar da aka ɗauke wuta sai layin bokiti.

Wani zai ce wannan aikin injiniyoyi ne. Amma ai ba injiniya yake biya wa iyayenmu kuɗin wuta ba. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in mun je hutu mu bayyana musu waɗannan kalmomi da Hausa. Ku kuma iyayenmu, ku tambaye mu, don ku ci moriyar karatun da kuka sa mu. Allah ya sa mu gane, amin.