Fim Ya Tsallake Tacewa, To Amma Na Ɗan Shekara Nawa Ne?

Duk ƙarshen shekara sai an yi lissafin fina-finan da suka fi tashe. Gidajen rediyo su buɗe layi, mujallu su jera sunaye, matasa a teburan mai shayi na Birnin Kebbi da Argungu su yi ta musu kan jarumin da ya fi iya wasa da jarumar da ta fi sa mutane hawaye. Babu laifi a wannan, nishaɗi ne, kuma abincin dubban mutane yana cikinsa. Sai dai akwai tambayar da ba a cika sakawa a lissafin ba, alhali ita ta fi shafar gidajenmu: cikin fina-finan nan da muka ce sun yi fice, wanne ne ya dace ɗan shekara bakwai ya zauna ya kalla tun daga farko har ƙarshe? A ganina mun daɗe muna haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Mun ɗauka duk fim ɗin da babu batsa a cikinsa, babu shigar banza, babu taɓa jiki tsakanin namiji da mace, ya zama na kowa da kowa har da na goye. Tsaftar fim daban, dacewarsa da shekarun mai kallo daban, kuma har yau masana'antar fim ta Hausa ba ta samar da hanyar da za ta gaya wa uwa da uba wannan na biyun ba.

Wannan haɗin yana da asali. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, takaddamar da aka fi yi tsakanin 'yan fim da malamai da hukuma ta ta'allaƙa ne kan rawa da waƙa da sutura da cakuɗuwar maza da mata. A kan haka aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a, kuma babbar tambayarta ita ce ko fim ya saɓa wa addini da al'ada. Amsar irin wannan tambaya biyu ce tak, ya wuce ko bai wuce ba. Ko a watan Mayun 2025, da hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, laifin da ta ambata shi ne sakin su ba tare da an kawo an tace ba. Tunda galibin abin da ake kallo a ƙasar Kabi daga Kano yake fitowa, wannan ma'aunin ne ya iso mana. Hukumar tace fina-finai ta tarayya, wadda aka kafa a 1993, tana da matakan shekaru, G da PG da 12 da 12A da 15 da 18, amma haruffan Turanci ne da ke gilmawa a kusurwar allo, idan ma an saka su. Matar da ke sussukar shinkafa a Argungu ba ta da dalilin sanin abin da PG ke nufi.

A duba jigogin fina-finan da suka mamaye 'yan shekarun nan. Labarina na Aminu Saira ya ginu kan soyayya da yaudara da cin amana. Izzar So na Lawan Ahmad makircin ofis ne da hassada da neman ganin bayan juna. Kwana Casa'in siyasa ce da cin hanci da kawar da abokin hamayya. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya taɓo shaye-shaye da tsattsauran ra'ayi da mutuwar aure, Manyan Mata kuma ya shiga halin da almajirai da mata ke ciki na wulaƙanci da cin zarafi. Mai Martaba, wanda Najeriya ta miƙa wa gasar Oscar a 2024, rikicin gadon sarauta ne. Waɗannan ayyuka ne masu nauyi, wasunsu ma abin alfahari ne, kuma babba mai hankali zai ƙaru da su. To amma dukkansu maganar manya ce. Yarinya 'yar shekara takwas da ta shafe watanni tana kallon yadda kishiya ke zuwa wurin boka, da yadda miji ke furta saki cikin fushi, da yadda ake barbaɗa abu a abinci, me ta kwasa game da aure? Ta kwashi cewa gidan miji fagen fama ne, kuma duk matar uba abar tsoro ce. Babu ko kan mace ɗaya da aka buɗe a fim ɗin, amma an ɗora mata kayan da wuyanta bai isa ɗauka ba.

Lamarin ya fi tsanani a ɓangaren Indiya-Hausa, wato fina-finan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa, irin waɗanda fassarar Algaita ta sa suka karɓu a ko'ina. A Indiya kowane fim yana fitowa da takardar shaida da ke nuna ko na kowa ne, ko sai da kulawar iyaye, ko na manya zalla. Kafin ya iso kasuwar Birnin Kebbi wannan bayanin ya ɓace, abin da ya rage shi ne sara da harbi da jini, an lulluɓe su da barkwancin mai fassara. Barkwancin nan ne ma yake yaudarar iyaye, domin idan uwa ta jiyo yara suna ƙyalƙyala dariya a ɗaki sai ta saki jiki. Haka katun. Da yawa sun ɗauka duk abin da aka zana na yara ne, alhali a Japan da Amurka ana yin katun na manya mai cike da kisa da zantukan da ba a yi a gaban yaro.

Sai kuma hanyar da fim ke bi ya shigo gida. Zamanin faifai ya wuce, lokacin da maigida ke sayowa da kansa ya ga hoton bango. Yanzu shagon masu tura fim ne: tebur, kwamfuta, tarin wayoyin caji, da layin yara kowa riƙe da mimori ko wayar uwarsa. Yaro ya ce, “A sa mini sabon Labarina da Indiya-Hausa biyu masu faɗa,” mai shago ya tura, ya karɓi kuɗinsa, babu tambayar wa zai kalla. Bayan sallar isha'i a jingina wayar da kwano a tsakar gida, kaka da matan gida da 'yanmata da ƙananan yara duk a tabarma ɗaya. Inda akwai data kuma YouTube ne, wanda da kashi ɗaya ya ƙare zai jawo wani da kansa, ko da babu mai taɓa shi. Dokar YouTube ta ce sai ɗan shekara 13 zai buɗe asusu, amma asusun uwa ne a hannun ɗan shekara biyar. A irin wannan gida kallo na taro ne, don haka duk abin da aka kunna an kunna wa mafi ƙanƙanta a wurin.

'Yan fim za su ce ai faɗakarwa suke yi, suna nuna mugunta ne don a ga ƙarshen mugu. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi idan mai kallo babba ne. Amma a gwada da tatsuniyar da muka gada. Gizo yana yin ha'incinsa, asirinsa ya tonu, ya sha kunya, duk a zama ɗaya kafin barci ya ɗauki yaro, ga kuma mai ba da labarin a zaune tana lura da fuskarsa, tana sassautawa inda ta ga ya tsorata. Fim mai dogon zango kuwa kasuwarsa ta dogara ne kan jinkirta sakamako. Mugu zai yi shekara biyu yana shiga manyan motoci, yana faɗin maganganun da ake maimaitawa a makaranta, kafin a zo kashin da zai girbi abin da ya shuka, wanda wataƙila yaron ba zai taɓa gani ba. Babba yana iya riƙe zaren labari tsawon wannan lokaci yana jiran hukunci. Yaro abin da ke gabansa yake ɗauka, kuma wanda ya fi ado da iya magana shi ne gwaninsa.

Wasu kuma za su ce tarbiyya aikin iyaye ce, kada a ɗora wa ɗan fim. Babu mai musun cewa nauyin farko na iyaye ne. Sai dai ba a tambayar mutum amanar da ba a ba shi kayan riƙe ta ba. Manomin da ya wuni a fadama, ko malamar da ta dawo daga makaranta ta hau girki, yaushe za su zauna su kalli kashi sittin kafin su yanke hukuncin ko yara za su gani? Idan uwa ta shiga kemis, kwalbar magani tana gaya mata wannan na manya ne, wannan na yara ne, ga adadin cokali. Ba wanda ya ce rubutun nan ya ƙwace mata matsayinta na uwa, taimaka mata ya yi ta riƙe shi. Abin da ake nema ga fim ke nan. Wanda ya rubuta labarin ya san abin da ke kashi na arba'in tun kafin a haska na ɗaya, saboda haka shi ya fi kowa sauƙin faɗa.

Akwai masu tsoron cewa wannan wata sabuwar ƙofar takura ce ga masana'antar da ta riga ta sha dakatarwa da kame. Ni kuwa ina ganin akasin haka. Matuƙar ana ɗaukar kowane fim a matsayin na kowa, dole a auna shi da mafi tsananin ma'auni, kuma duk marubucin da ya taɓo fyaɗe ko ƙwaya ko ta'addanci zai sha zargin ɓata yara. Ranar da aka ce wannan na manya ne, an ba marubuci filin yin magana ta gaskiya da manya, an kuma ba mai ƙorafi amsa. Amurka ta bi wannan hanyar tun 1968, lokacin da ta bar tsarin hani ta koma na matakan shekaru. A Birtaniya gidajen talabijin ba sa haska kayan manya sai bayan ƙarfe 9 na dare. Masu cewa yaro mai waya zai tsallake kowace alama suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin ɗan shekara 15 da ya ƙudura zai kalla. Amma yawancin abin da ƙananan yara ke gani ba su suka nema ba, manya ne suka kunna cikin rashin sani, kuma wannan kason alama za ta rage shi sosai.

Abin da ya kamata a yi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Matakai uku sun isa, da Hausa: na kowa, na matasa, na manya. A rubuta a hoton fim, a kuma faɗa da murya a farkon kowane kashi, tare da dalili a taƙaice, kamar akwai faɗa da jini, ko akwai boka da abin tsoro, ko akwai rikicin aure, domin wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa. Ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN da hukumomin tacewa za su iya daidaita wannan a zama ɗaya. A nan Kebbi, gidajen rediyo da talabijin na jiha za su iya ware farkon dare ga abin da ya dace da iyali. Masu tura fim a kasuwannin Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda su ne ainihin masu tsaron ƙofa, za su iya raba kayansu gida uku a kwamfuta, su riƙa tambayar yaron da aka aiko wa zai kalla. Ga 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa magana ta wuce zaɓen fim, domin shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara biyu ba gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Da an fara wannan rarrabewa za a ga wani giɓi da muka daɗe muna kau da kai daga gare shi: rukunin na yara kusan fanko ne. Masana'antar da ta haura shekara 30 ba ta ɗauki yaro a matsayin mai kallon da ya cancanci a yi masa nasa ba, shi ya sa yake cin ragowar manya. Kuma ba rashin labari ba ne, balle a ƙasar Kabi. Ga Sarkin Kabi Kanta da ganuwar Surame da yadda ya tsaya wa Songhai. Ga bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar sulhu ta Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, da Sarkin Ruwa da gora da homa da giwan ruwa a kogin Matan Fada. Ga kayan tarihi jibge a gidan tarihi na Kanta. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu tana horar da waɗanda suka san yadda yaro ke koyo, Birnin Kebbi kuma cike take da matasa masu kyamara da iya haɗa hoto. Idan gwamnatin jiha ta ware ko ɗan kaso daga abin da take kashewa a bikin Argungu ta sa gasar gajerun fina-finan yara, za a sami abin nunawa a makarantun firamare cikin shekara guda. Masu jera gwanayen shekara su ma su ƙara rukuni ɗaya, na fim ɗin yara mafi kyau. Ko da an rasa wanda za a ba a karon farko, furodusoshi za su san cewa akwai kambu da kasuwa da ke jiran mai ɗauka.