Waifai kyauta: a fara da Gurbin Bore

Duk sanda aka ta da maganar intanet kyauta ga jama'a, hankalin masu mulki kan tafi babban birni. A kafa waifai a sakatariya da jami'a, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Wannan jarida ba ta ƙi hakan ba. Sai dai mutumin Gusau mai layi biyu a aljihu ya sami inda zai raɓa. Wanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya yana can Gurbin Bore, a ƙaramar hukumar Zurmi, kan hanyar da ta taso daga Ƙaura Namoda ta nufi Jibiya, inda a ƙauyuka da dama sai mutum ya hau tudu yana ɗaga waya sama kafin kira ya shiga.

Zamfarawa sun ɗanɗana rashin sabis fiye da kowa. A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira. Mutane sun riƙa shiga mota har Funtuwa don su buga waya ɗaya. Masu POS sun rufe rumfa, ɗan kasuwa bai san farashin hatsi a wata kasuwa ba, wanda aka kai wa hari kuma ba shi da hanyar neman ɗauki. Garuruwan bakin iyaka sun koma lalubar layukan Nijar, kuma babu wanda ya isa ya ce ɓarayin daji ba su san wannan dabarar ba. Hare-haren dai ba su ƙare ba.

Abin takaici, gwamnatin da ta kasa kai sabis ƙauye ita ce ta mayar da komai kan intanet. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. A ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. A 2023, lokacin canjin kuɗi, aka ce a koma tiransifa. Yaron Shinkafi ko Zurmi da ke burin shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda, da ɗan Legas ake auna shi a gaban kwamfuta, alhali wataƙila ranar jarrabawar ce ya fara taɓa ta.

Kamfanonin waya ba za su zo da kansu ba. Kowane ƙarfen sabis yana shan gas, yana buƙatar mai gadi, ga hanyar da injiniya ke tsoron bi. Don irin wuraren nan ne dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF. Muna son a fito a faɗa wa jama'a nawa ya shigo arewacin Zamfara daga asusun. Tsarin tarayya na 2020 ya yi alkawarin intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari kafin ƙarshen 2025, kuma ba a cika ba.

Kada kuma a dogara da kyautar kamfani. Google ya buɗe waifai kyauta a Legas a 2018, ya naɗe tabarmarsa a 2020.

Shawararmu ga gwamnatin Dauda Lawal ita ce a fara da ƙarami. Tun 2023 Starlink ke aiki a Najeriya, ga kuma NIGCOMSAT na gwamnati. Farantin tauraron ɗan Adam ɗaya da sola da batura sun isa su ba kasuwar Gurbin Bore da asibiti da makarantar sakandare intanet, ba tare da jiran a tona ramin waya daga Gusau ba. Za a ce 'yan bindiga ma za su amfana. Amma waifai ba ya cin dogon zango, a tsakiyar gari yake, kan idon mutane, kuma masu daji sun daɗe da nasu hanyoyin.

Inda irin wannan aiki ya saba mutuwa shi ne wata na uku, sanda kuɗin wata ya ƙare ko batir ya lalace. Saboda haka a rubuta a kasafin jiha wanda zai riƙa biya, a horar da samarin garin kan gyara, a danƙa kulawa ga kwamitin kasuwa da masarauta, kafin a sayi ko da faranti ɗaya.