Kafin ka ɗauki motar lantarki, duba inda kake kwana

'Yan uwana masu jan Uber da masu kai kaya a nan Ingila. Jiya mutum uku suka kira ni a kan magana ɗaya: wai su bar fetur su koma lantarki? Shekara biyu ke nan ina jan ta, bari in faɗa muku gaskiya.

Arhar motar nan a gida take. Ga lissafina a mil 100. In na yi caji da dare a gida, lokacin da kamfanin wuta ke rage kuɗi, abin bai wuce fam 3 ba. Fetur kusan fam 14. Amma cajin gaggawa na bakin titi ya haura fam 20. Wato ya fi fetur tsada! Ko haraji ma ba ɗaya ba: wutar gida kashi 5 cikin 100 ake ɗora mata, ta titi kashi 20.

To ɗan uwa, mu nawa ne ke da gida mai wurin ajiye mota? Yawancinmu ɗaki ɗaya muke haya, wani a hawa na uku. Ni haka na faɗa ciki. Dillali ya yi mini daɗin baki, na sa hannu a takardar bashi, ban tambayi inda zan jona waya ba. Wata takwas abin da nake turawa gida ya ragu, har Hajiyarmu ta tambaya ko lafiya. Sai da na koma gidan da mai shi ya yarda aka saka caja na fara ganin riba.

Ka lissafa da lokaci kuma. Minti 40 da kake zaune gindin caja, wani yana can yana kwashe fasinja. Da sanyi batir yana saurin sauka. Harajin hanya da a da ba a biya, tun Afrilun 2025 an fara karɓa.

Ban ce motar ba ta da kyau ba. Ba juyen baƙin mai, ba hayaniyar inji. In kana da wurin caji a gida, bismillah, ɗauka. In babu, ka riƙe haibirid ɗinka tukuna. Ba a cinikin biri a sama. Ka fara tambayar mai gidanka kafin ka je wurin dillali.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya mai da mu gida lafiya. A tura wa sababbin zuwa.