Ɓeran Masar In Ya Firgita

Yau zancenmu a kan ɓeran Masar ne, ɗan dabban nan mai kama da zomo amma ba dogon kunne, wanda yaranmu suka ɗauki kiwonsa a gidaje da yawa. Yaro ne ke sayowa, amma kowa ta sani da ya tafi makaranta kiwon ya koma hannun uwa. Abin da ya fi damun masu kiwonsa kuwa shi ne firgita. Ana zaune lafiya sai ki ga sun watse da gudu suna karo da juna, ko kuwa ɗaya ya sandare wuri guda kamar an dasa shi, ido a zazzare. To, mene ne dalili, me kuma ya kamata ki yi?

Da fari dai ki san ko da yake muna ce masa ɓeran Masar, ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa duwatsun Andis ne na Amurka ta Kudu, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya, inda mutane suka yi shekaru dubbai suna kiwonsa don nama. Sai bayan shekara ta 1500 fataken Turai suka kai shi ƙasashensu cikin jiragen ruwa, daga nan ya bazu. 'Yan'uwansa na jeji cikin ciyawa suke zaune, abincin shaho ne da maciji da kyanwar daji. Ba shi da ƙaho, ba shi da ƙarfin faɗa, nauyinsa duka bai fi kilo 1 da ɗan kai ba. Dabararsa biyu ce tak, watau ya sandare don kada a gan shi, ko ya ruga ya ɓuya. Saboda haka in ya firgita kada ki ce sakarci ne, halinsa ke nan na gado.

Kunnensa ya fi namu ji, har yana jin siririyar ƙarar da mu ba mu ji. Tsawar damina, da tashin janareta, da faɗuwar kwano, da abin wasan wutan da yara ke fasawa da Salla, duk suna razana shi. Idanunsa kuma a gefen kai suke, yana ganin motsi kusan ta ko'ina. Hannun da ya sauko masa daga bisa, a wurinsa shaho ne ya kawo sura.

To, in abin ya auku, ga abin yi. Kada ki kai hannu ki cafke shi da nufin lallashi, gama wanda ke gudun mutuwa bai san lallashi ba, kamun ma shi ne abin da yake tsoro. Ki kori yara su ja da baya, a daina hayaniya. Ki duba ko akwai kyanwa ko kare ko gafiya kusa, ki kawar da su. Sa'an nan ki ɗauko tsohon zane ki rufe rabin kejin don wurin ya yi duhu, ki bar rabi iska ta shiga. Ki durƙusa gefe ki riƙa yi masa magana a hankali da muryar da ya saba ji. Bayan ɗan lokaci ki ajiye ɗanyar ciyawa ko ganyen latas a bakin maɓoyarsa, ki janye hannunki. In kin ga ya leƙo ya soma ci, to, hankalinsa ya komo.

Amma rigakafi ya fi magani. Babban maganin firgita shi ne maɓoya. Tsohuwar tukunyar ƙasa da ta fashe, ki kife ta ki daidaita bakin fashewar ya zama ƙofa. Ko kwali ma ya isa, ki huda masa ƙofa biyu don kada wani ya tare wani a ciki. Kowane ɓera da tasa maɓoyar, in ba haka ba sai su turmutsa wuri guda, manya su tattake ƙanana. Macen da ke da ciki kuwa, wadda kan yi wata biyu da 'yan kwanaki kafin ta haihu, mugun firgici yana iya sa ta ɓari. Tukunyar ƙasa tana da wani amfanin kuma. Dabban nan ɗan ƙasar sanyi ne, zafin da ya kai awo 30 yana galabaitar da shi, sai ki riƙa yayyafa wa bayan tukunyar ruwa da bazara, kejin kuma ya zauna a inuwa jikin bango, nesa da murhu da turmi.

Na biyu, kada ki ajiye shi shi kaɗai, gama dabban garke ne, kaɗaici yana ƙara masa tsoro. A ƙasar Suwizalan ma tun 2008 doka ta hana a ajiye guda ɗaya tilo. Mata biyu sun fi zaman lafiya. Amma kada ki haɗa shi keji ɗaya da zomo kamar yadda wasu ke yi, shurin zomo guda yana iya karya shi.

Na uku, ki koya wa yara ɗaukarsa. Hannu ya zo ta gefe a hankali, ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallabi gindi, a jingina shi a jiki. Yaro ya zauna bisa tabarma kafin a miƙa masa, don in ya zille kada ya faɗo daga bisa. Ba a ɗaga shi ta kunne ko ta ƙafa. Sabon da aka sayo kuwa a bar shi kwana 2 ko 3 ba taɓawa, sai abinci da ruwa, har ya san gida. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, haka wanda yara suka yi ta kora cikin keji yakan daɗe bai yarda da hannu ba.

Sai dai ki lura, ba kowane tsalle ne tsoro ba. Ƙananan sukan daka tsalle suna murɗa jiki don murna, wannan a bar su su sha wasansu. Akwai kuma wanda ciwo ne. In yana susa ba ƙaƙƙautawa, gashi na zuba, yana zabura da gudu kamar mai farfaɗiya, to, ƙazuwa ce ke cinsa. In kuwa ya takure ya yini bai ci ba, ba ki kuma ga kashinsa ba, abin ya wuce firgita, gama cikinsa ba ya jure zama ba abinci. Duka biyun ki aika wurin likitan dabbobi ran nan, kada a kwana. Ina kuma gargaɗinki ƙwarai, kada ki fasa kafson mutane irin su ampisilin ki ba shi. Magungunan dangin penisilin suna kashe ɓeran Masar.

'Yar'uwa, dabban nan yakan yi shekara 5 zuwa 7 in ya sami kulawa, watau ɗanki zai girma tare da shi. Yaron da ya koyi rage murya da sassauta hannu saboda ɗan abin da ke tsoronsa, gobe haka zai yi wa ƙanensa. Don haka in ya dawo makaranta yau, ku nemi tsohuwar tukunya ku kife tare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.